Amsoshin Tambayoyinku: Shin wasan World of Warcraft ya mutu ne?

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya aiko yana tambaya ko gaskiya ne wasan World of Warcraft na intanet ya mutu, kuma me masu buga shi ke cewa.

To Malam, bai mutu ba, amma ya rame. Kamfanin Blizzard na Amurka ne ya fito da shi a 2004, kuma a 2010 masu biyan kuɗin wata-wata sun kai miliyan 12. Zuwa 2015 sun ragu zuwa miliyan 5.5, daga nan kamfanin ya daina bayyana adadin.

Tsofaffin 'yan wasan sun fi kuka da abu guda. A da sai ka yi sallama, ka nemi abokan tafiya, ku saba kafin ku tunkari dodo. Da aka kawo tsarin da kwamfuta ke haɗa ka da baƙi nan take, sai zumunci ya yi sanyi. Wasu kuma sun ce girma ne kawai ya zo: ɗalibin 2004 yau magidanci ne, ina ya ga lokaci? Ni dai na fi karkata ga wannan. Ga kuma wasannin waya na kyauta da suka kwashe matasa.

A 2019 Blizzard ya dawo da tsohon salon da sunan Classic, jama'a suka yi ta cincirindo har ana layin shiga. A 2023 Microsoft ya sayi kamfanin, kuma har yanzu ana ƙara wa wasan sababbin babi.