Nasiha ga yaran gareji masu ɗaura rediyon oba-oba a mota

'Ya'yana, ku ɗan ajiye filaya ku saurare ni. Duk motar da aka kawo mana a sa mata rediyon oba-oba, ku sani mai ita ba don ado ya kawo ta ba. Motar asibiti ce, ko ta masu rakiyar kaya, ko Hilux ta ma'aikatan da ke shiga ƙauyukan da waya ba ta samun sabis. Ranar da direban zai danna makirfo yana neman ɗauki, ba kwa wurin. Aikin hannunku kaɗai zai tarar.

Abin da na fi gani a wurin matasa shi ne son akwatin rediyon. A goge shi, a kafa shi a dashbod, a kunna, fitila ta kawo, sai a ce an gama. Alhali ko Motorola ce, ko Kenwood, ko Icom, ƙarfinta yana ga eriya. Rediyo mai wat 50 da eriyar da aka maƙala da ganganci ba za ta kai inda mai wat 25 da eriya mai kyau ke kaiwa ba.

Mazaunin eriya tsakiyar rufin mota ne. Ƙarfen rufin shi ne rabin eriyar, shi ke taya ta watsa sauti ko'ina daidai. Idan kuka kai ta gefen bonet ko bayan bodi, za ta yi ƙarfi ta wani ɓangare ta raunana ta wani, direba ya riƙa jin ofis yana tafiya, ya juyo ya daina ji. Na san mai mota ba ya son a huda masa rufi, kuma yana da gaskiya, mota dukiya ce. Ku zauna ku yi masa bayani a tsanake. In ya yarda, ku sauke silin na ciki ku duba kada ku faɗa kan ƙarfen tallafi ko wayar fitila. Ramin mazaunin eriya irin NMO milimita 19 ne, kada ya wuce haka. Ku kankare fenti ta ciki har ƙarfe ya taɓa ƙarfe, ku tabbata robar da ke hana ruwa ta zauna sosai, domin damina ba ta yafe wa ramin da aka bari. In ya ƙi, akwai mai maganaɗisu, amma ku gaya masa gaskiya cewa ta wucin gadi ce, reshen itace ɗaya yana iya tuge ta.

Tsawon eriya kuma ba da ido ake yanke shi ba. A zangon VHF, wajen megahaz 150, sandar rubu'in zango tana kusan santimita 50. A UHF, wajen megahaz 450, ba ta wuce santimita 17. Shi ya sa ba a cire ta wata mota a ɗaura wa wata sai an san zangon da kowacce ke aiki a kai. Zangon ma da lasisi ake samunsa daga hukuma. Wanda ya ce ku saita masa tashar jami'an tsaro don ya riƙa saurare ko ya yi magana, ku ba shi haƙuri ya tafi.

Sai wuta. Ku ja waya mai kauri kai tsaye daga batir, kada ku jona a ramin kunna sigari ko a wayar rediyon kiɗa. Rediyo mai wat 50 tana jan sama da amfiya 10 idan ana magana, siririyar waya zafi za ta ɗauka. Fis ya zauna dab da kan batir, domin in wayar ta goge a jikin ƙarfe can ciki, shi zai tsinke kafin mota ta kama da wuta. Inda waya za ta ratsa bangon da ke tsakanin inji da ɗakin direba, a sa mata roba. Wannan 'yar robar ita ce abin da aka fi mantawa, kuma rashinta ba ya nunawa sai bayan watanni, lokacin da gargadar hanya ta gama cinye fatar wayar. Tirela da manyan motoci bolt 24 suke amfani da shi, rediyon kuwa ta bolt 12 ce, dole sai da na'urar rage wuta. Kada ku kafa akwatin a gaban jakar iska, kada kuma ku cusa shi inda iska ba ta ratsawa, ga zafin watan Afrilu.

Yanzu ga inda nake so ku fi natsuwa, wato gwaji. Kada wanda ya kuskura ya danna makirfo ba eriya a jone, ƙarfin zai komo, yana iya ƙone cikin rediyon. Kafin ku ɗaura sandar, ku auna kebul ɗin da mita ku ga ko zaren tsakiya ya taɓa ragar waje. Gashin waya guda ɗaya a cikin filogi ya isa ya ɓata komai. Daga nan ku fitar da motar fili, nesa da rumfar kwano da wayoyin lantarki, ku rufe ƙofofi da bonet, ku sa mitar SWR tsakanin rediyo da kebul. Wannan mita tana gaya muku nawa ne ya fita sama, nawa ya dawo. In ta nuna 1.5 ko ƙasa, alhamdu lillahi. In ta haura 2, akwai gyara. In ta kai 3, ku saki makirfo nan take ku nemi laifin. Ku gwada a tasha mafi ƙasa da mafi sama: in ƙasan ta fi kyau, sandar ta yi tsawo, sai a rage. Milimita 2 ko 3 ake yankewa a sake aunawa, don abin da aka yanke ba ya komawa. Kuma kada kowa ya riƙe eriya ana magana, tana ƙuna.

Bayan haka ku tada inji, ku taka totur. In kun ji wani siririn kuka yana tashi tare da inji, altaneta ce ke shiga layin, ku koma ku duba inda kuka ɗaure wayar bodi. Ku kunna fitilu da AC, ku yi magana, ku lura ko wani abu ya motsa a dashbod. Sannan ɗaya ya zauna a gareji da rediyon hannu, ɗaya ya fita da motar wajen gari, kan hanya mai gargada, a yi ta kira ana amsawa har inda murya ta fara yankewa. Ku rubuta wurin da adadin da mita ta nuna a takarda, ku miƙa wa direba, ku nuna masa inda fis yake, ku ajiye masa guda a aljihun mota.

Na san wannan zai ci muku awa guda ko fiye, ga wata motar tana jira, ga mai ita yana duba agogo. Ku bar ni da shi, ni zan ba shi haƙuri. Abin da nake roƙonku, don Allah, kada mota ta fita ƙofar garejin nan sai kun sa mata mita kun kuma ji muryar direba daga bayan gari.