In An Hana Ruwan Gora, Kada a Koma wa Lemon Kwalba

A 2013 Jami'ar Vermont da ke Amurka ta hana sayar da ruwan gora a harabarta don rage sharar roba. Niyyar mai kyau ce, amma binciken da aka wallafa a 2015 ya nuna robobin ba su ragu ba, sai ma masu ƙishirwa suka raja'a kan lemo mai zaƙi.

Mai karatu, ka kiyayi wannan kuskure. Gwangwanin Coca-Cola mai mililita 330 na ɗauke da sukari kusan giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na ba babba shawarar kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, rabin haka ma ya fi. Ƙiba da ciwon suga ba sa sallama kafin su shigo. Kamfanoni na da nasu alhakin, musamman tallan da suke jan yara da shi, amma kuɗin asibiti daga aljihunka zai fito.

Nemi gora mai ƙwari, ka cika ta da tsaftataccen ruwa kafin ka bar gida. Duba yawan sukarin da aka rubuta a jikin kwalba kafin ka saya. Ko zoɓo da kunun aya na gida, a sassauta musu sukari.

Ku kuma shugabannin makarantu, don Allah ku fara wadata ɗalibai da ruwan sha mai tsafta kafin ku hana na gora.