Saitin Rauta Na Gogewa In An Ɗauke Wuta

Tambaya: Na saita rauta ta Cisco a shagona, amma da an ɗauke wuta sai komai ya goge. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, na'urarka lafiyarta ƙalau. Saitin da ka shigar yana cikin RAM ne, ita kuwa ba ta riƙe komai in babu wuta. Da ka gama, rubuta copy running-config startup-config, sai ya koma NVRAM, inda rautar ke karantowa in ta tashi.

Kada ka tsaya nan, don ranar da rautar ta ƙone NVRAM ma ta tafi. Tura kwafi zuwa kwamfutarka da copy running-config tftp:. Wajen maidowa, rubuta copy tftp: startup-config, sannan reload. In ka zuba shi kai tsaye cikin running-config, gauraya zai yi da tsohon saiti. Fayil ɗin na ɗauke da kalmomin sirri, ka killace shi sosai.