DARASI: Ina Aikin Ya Ke? Ƙidaya, Lada da Baƙon Ma'aikaci

Manufar darasi: Mu koyi auna maganar aiki da ta lada da mudunmu, mu kuma san inda laifi ya ke tun ba mu ɗora shi a kan wanda ba shi da shi ba.

Gabatarwa

'Yan'uwa manoma, wata rana da rani muna zaune a gindin darbejiya a wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi, bayan mun tashi taron ƙungiya. Sai rediyo ya ce marasa aikin yi sun ragu ƙwarai a Nijeriya. Wani dattijo ya rage murya, ya dube ni, ya ce, "Malam, wace Nijeriyar su ke nufi?" Kowa ya yi dariya. Wani magidanci ya ce, "Ko an sami aikin ma, ladan ba ya kai mutum gida." Sa'an nan wani saurayi ya ce, "Ai baƙi ne su ka ɓata lada. Ɗan Nijar zai yi maka yini a kan kuɗin da ni ba zan karɓa ba."

Ga ƙorafi uku ke nan. Na farko, ƙidayar hukuma ba ta yi kama da abin da ido ke gani ba. Na biyu, lada ya yi kaɗan. Na uku, baƙi sun ƙwace aiki. Bari mu ɗauke su ɗaya ɗaya, gama ba nauyinsu ɗaya ba ne.

1. Yadda a ke ƙidaya marasa aiki

Akwai ofishin gwamnatin tarayya a Abuja da a ke kira Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Ita ce ke faɗin adadin marasa aiki. Ta ce a ƙarshen shekarar 2020 mutum 33 cikin kowane 100 na masu iya aiki ba su da aiki. A watan Agusta na 2023 kuwa ta ce a farkon wannan shekara mutum 4 ne kaɗai cikin 100. Me ya faru a tsakani? An buɗe masana'antu ne? A'a. Mudun awon ne a ka sake.

A tsohon lissafi, in mutum bai yi aikin awa 20 a mako ba, sai a sa shi cikin marasa aiki. A sabon lissafi, wanda a ka ɗauko daga Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya tak cikin kwana bakwai don samun kuɗi, to, mai aiki ne. Watau yaron da ya yi dako sau ɗaya ran Juma'a a kasuwar Wudil, ya yi sauran kwana shida a zaune a bakin tasha, an lissafa shi cikin masu aiki.

Saboda haka ba za mu ce hukumar ta yi ƙarya ba. Amma dattijon nan ma bai yi kuskure ba. Tambayar da hukuma ta amsa ita ce, "Ka taɓa wani abu a makon nan?" Tambayar dattijo kuwa ita ce, "Abin da ka taɓa ya ciyar da gidanka?" Talaka ba shi da halin zama kurum. Dole ya yi talla, ko ga-ruwa, ko faskare, ko da ribar ba ta kai ta koko ba. Don haka a ƙasar matalauta adadin marasa aiki ya kan fito ƙarami.

Hukumar nan da kanta ta faɗi wani abu da rediyo bai cika maimaitawa ba. A 2023, cikin masu aiki 100, wajen 12 ne kawai ke karɓar albashi ko lada a ƙarƙashin wani. Fiye da 90 cikin 100 kuwa aikinsu ba shi da takarda, ba hutu, ba fansho. Wannan adadi shi ne ya yi kama da Gaya da Ajingi.

2. Lada: ku auna da kwano, ba da takarda ba

A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, a ka kafa dokar mafi ƙarancin albashi, Naira 125 a wata. A lokacin Naira ɗaya ta fi Dalar Amurka ɗaya daraja, har wannan albashi ya kai wajen Dala 200. A 2011 albashin ya zama Naira 18,000. A 2019 ya zama Naira 30,000. A watan Yuli na 2024 ya zama Naira 70,000, Jihar Kano kuma ta sa nata Naira 71,000. Takardun sun yi yawa, amma Naira 70,000 ta 2024 ba ta kai Dala 50 ba. A ƙarshen wannan shekara, a kasuwanni da yawa, ba ta sayen buhun shinkafa ɗaya mai kilo 50. In ka raba ta kwana 30, ba ta kai Naira 2,400 a yini ba, ga cefane, ga kuɗin mota, ga magani.

Dalilin a fili ya ke. A ranar 29 ga Mayu 2023 a ka janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Darajar Naira ta faɗi, kuɗin taki da na sufuri su ka tashi, abinci ya bi su.

Ga kuma abin da mutanen karkara ya kamata su sani. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta shafi wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba. Ba ta shafi mai aikin jinga ba, ba ta kuma shafi ƙwadagon gona na damina ba. Watau yawancin mutanenmu dokar ba ta san da zamansu ba. Ladansu ciniki ne tsakaninsu da mai gona.

To, yaya za mu auna? Ga hanya mai sauƙi. A ce bara ladan yini Naira 2,000 ne, kwanon gero kuma Naira 1,000. Ɗan ƙwadago ya koma gida da kwano 2. A ce bana lada ya zama Naira 3,000, kwanon gero kuma Naira 2,000. Ya koma gida da kwano ɗaya da rabi. A baki an yi masa ƙari, a tukunya an rage masa. Waɗannan lambobi misali ne kawai. Ku sa na kasuwarku a gurbinsu.

3. Baƙi ne su ka jawo?

Nan ne ya kamata mu yi hankali, gama ƙasar nan ta taɓa gwada wannan magani, mun kuwa ga abin da ya haifar.

A farkon shekarun 1980 kuɗin man fetur ya faɗi a duniya. Gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, masana'antu su ka fara sallamar ma'aikata. Mutane su ka ce baƙi ne. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasar. Wajen mutum miliyan 2 su ka fita. Kusan rabinsu mutanen Gana ne, sauran daga Nijar, Chadi, Togo, Benin da Kamaru. Jakar nan da a ke kira Gana-mas-go daga wannan tafiya ta sami sunanta.

To, bayan sun tafi, aiki ya yalwata? Lada ya tashi? Ko kaɗan. A ƙarshen wannan shekara soja su ka karɓi mulki. A 1984 a ka sallami ma'aikatan gwamnati masu yawa, mutane na bin layi don sayen sabulu da madara. A 1985 a ka sake korar baƙi, duk da haka wahala ba ta sauka ba. A 1986 a ka karya darajar Naira. An bar jaki an doki taiki. Ciwon yana ga kuɗin mai da yadda a ka kashe shi, ba ga mai ɗinkin takalmi ɗan Gana ba.

Mu tuna kuma abin ya taɓa faɗa mana. A 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba baƙi kwana 14 su fita. Yarabawa da Hausawa da yawa, har da waɗanda a ka haifa a zangon Kumasi, su ka dawo ba kome a hannu. Yau ma 'ya'yanmu na Gaya da Ajingi su kan tafi cin rani Legas, Fatakwal, Abuja da Ibadan. Can su ne baƙi. Can ma a kan ce sun ɓata lada. Sa'ad da Jihar Legas ta hana acaba a wasu ƙananan hukumominta a 2022, 'yan arewa na cikin waɗanda abin ya fi taɓawa. Abin da ba ka so a yi wa ɗanka a Agege, kada ka yi wa ɗan wani a Kademi.

Mu mutanen Gaya ma muna da dalili na musamman. Tarihin baka ya ce maƙera ne daga Gaya, waɗanda a ke kira Abagayawa, su ka tafi gindin Dala neman tama, su ka zauna. Ashe birnin Kano kansa da baƙon ma'aikaci ya fara, baƙon kuwa namu ne.

Amma kada mu ce saurayin nan ba shi da magana sam. Gaskiya ne, mutumin da yunwa ta koro daga Damagaram ko Maraɗi zai karɓi lada ƙasa da na ɗan gari, gama ba shi da rumbu a bayansa. Sai dai mu tambaya: wa ya ci ribar? Ba baƙon ba ne. Mai ba da aikin ne. Baƙon da ɗan garin, jirgi ɗaya ya kwaso su.

Akwai kuma baƙo iri na biyu, mai jari. Masaƙun Kano na Bompai, Sharaɗa da Challawa sun ɗauki dubban mutane a dā, har da 'yan ƙauyukanmu. Yawancinsu sun rufe saboda rashin wutar lantarki da shigowar atamfa mai araha daga ƙasar Sin. A 2012 jami'an shige da fice sun kama 'yan Sin 45 a Kano bisa zargin yin cinikin da takardunsu ba su ba su izini ba. Kukan 'yan Kantin Kwari da marina a kan wannan yana da tushe. Amma maganinsa doka ce da wuta da kwastan, abin da ke hannun hukuma. Ba a huce haushinsa a kan mai shayi ko mai gadi.

4. Abin da za mu iya yi

(a) Littafin ƙidaya. Kowace ƙungiya ta sami littafi ɗaya. A kowane wata a rubuta: kwana nawa kowa ya sami aikin kuɗi, nawa ne ladan yini, nawa ne kwanon gero da na masara ran kasuwa. Bayan shekara za ku san watannin da hannu ke zama banza, ku san ko lada na hawa ko sauka. Gani ya kori ji.

(b) Lada ɗaya ga kowa. Masu gona da 'yan ƙwadago su zauna gaban mai unguwa kafin noman farko, su yanke ladan yini bisa kwano, a riƙa biya da kuɗin da ya yi daidai da shi. A biya ɗan gari da baƙo daidai. In lada ɗaya ne, babu wanda zai ɓata wa wani. Da yawa cikinmu mu kan yi wa wani ƙwadago yau, gobe mu ɗauki wani. Mu biya ran da a ka yi aiki, tun gumi bai bushe ba.

(c) Aikin rani. Daga kaka zuwa faɗuwar ruwa muna da wata shida ko bakwai. Nan ne ainihin rashin aikinmu ya ke, ko da ya ke ƙidayar Abuja ba ta nuna shi. Mai fadama ya yi lambu. Wanda ba shi da ita ya turke rago ko ɗan maraƙi da harawar wake da ta gyaɗa. Mata su haɗa adashi don tuyar ƙuli-ƙuli da matsar mai. Ƙungiya ta ajiye hatsi da kaka, ta fitar da shi da bazara, maimakon a sayar da araha a sayo da tsada.

(d) Tambayoyi huɗu ga mai alkawari. In ɗan siyasa ko wakilin kamfani ya ce ya samar da aiki dubu kaza, ku tambaye shi cikin ladabi: A ina? Na wata nawa? Nawa a ke biya? Mutum nawa daga ƙaramar hukumarmu? Mai gaskiya ba zai ji haushin tambaya ba.

Kammalawa

Daga ƙorafi ukun nan, biyu sun tsaya da ƙafafunsu. Ƙidayar ba ta faɗi dukan labari ba, lada kuma ya ragu in an auna da kwano. Na ukun ne ya karkace. Shekarar 1983 ta nuna mana cewa ko an kori baƙo, yunwa ba ta bin sa. Shakkar mutanenmu abu ne mai kyau, in ta kai mu ga lissafi da tambaya. In ta kai mu ga ƙin maƙwabci, mun yi hasara biyu.

Tambayoyi don tattaunawa a ƙungiya

1. Kwano nawa na gero ladan yini ke saye a garinku bana? Nawa ya saya shekara biyar da su ka wuce?
2. Mutum nawa daga unguwarku su ka tafi cin rani bara? Wane irin karɓa a ka yi musu?
3. Akwai dattijon da ya tuna korar baƙi ta 1983? A roƙe shi ya ba da labarin abin da ya biyo baya.
4. Wane aikin rani ɗaya ƙungiyarku za ta iya farawa bana da abin da ke hannunta?

Magatakarda ya rubuta amsoshin, ya ajiye su har zuwan malamin gona. Allah ya ba mu damina mai albarka.