Tankin Kifi a Zafin Mafara: Yadda Ake Gano Matsalar Zafi, Ƙafewar Ruwa da Na'urori

Bidiyon tankin gilashi mai kifaye masu launi ya cika TikTok da YouTube, musamman na ruwan gishiri mai irin kifin nan ruwan goro na fim ɗin Finding Nemo. Sai dai akasarin masu ɗora bidiyon suna zaune ne inda ɗaki ba ya wuce digiri 22, kuma ba a ɗauke wuta. Matashin da ya kwaikwaye su a Talata Mafara, Bakura ko Maradun, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, zai tarar da wani lissafi daban. Ko kifin ado ya zuba ko 'ya'yan tarwada na kiwo, abubuwa uku ne ke kashe kifi a sabon tanki: zafi, ƙafewar ruwa, da na'urar da ta tsaya ba a sani ba. Kuma a ɗaure suke da juna, in aka taɓa ɗaya sai sauran su motsa.

Zafi

Kifin teku na ado yana son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 27. Abin da zafi ke fara yi masa shi ne rage masa iskar shaƙa. Litar ruwan daɗi tana iya riƙe kusan miligiram 8.3 na oksijin a digiri 25, amma a digiri 35 sai ta koma wajen 7. Ruwan gishiri kuma yana riƙe ƙasa da haka da kusan kashi 20 cikin 100. Ga shi kifi yana ƙara buƙatar oksijin idan ruwa ya yi ɗumi. Shi ya sa alamar farko ita ce a ga kifaye sun taru a saman ruwa suna haki. Babbar tarwada tana da dabarar shaƙar iska daga sama, don haka tana jurewa, amma ƙananan 'ya'yanta da karfasa da yawancin kifin ado ba su da wannan gatan.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne na'urorin kansu suna dafa ruwan. Famfon da ke nutse cikin tanki, duk wutar da ya ci tana ƙarewa ne a matsayin zafi. Famfo mai wat 20 da ya yi awa 24 yana aiki ya zuba zafin da zai iya ɗaga lita 100 da kusan digiri 4, in da babu inda zafin ke fita. Idan aka ƙara fitila da murfi a rufe ruf, a ɗaki mai rufin kwano, an gama haɗa tukunya.

Kafin a sayi komai sai a auna. Manhajojin waya masu cewa suna auna zafi ba su da amfani a nan, domin yawancin wayoyi ba su da ma'aunin zafin waje. Ko dai zafin batir suke nunawa ko hasashen yanayi daga intanet. Ma'aunin zafi mai tsinke da ake tsomawa cikin ruwa ake buƙata, a duba da asuba da kuma bayan La'asar, a rubuta har kwana uku. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ta fi kowace ɗaya muhimmanci, domin hawa da sauka da sauri ya fi wahalar da kifi a kan ɗumin da ya tsaya wuri ɗaya. Saboda haka ne ma zuba ƙanƙara kai tsaye ba dabara ba ce.

Fanka tana sanyaya, amma da ruwa ake biyanta

Hanya mafi arha ita ce a buɗe murfi a sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan. Wannan ilimin randa ne: ruwan da ke tashi yana tafiya da zafi. Da shi ne Mohammed Bah Abba, malamin nan da ya koyar a Dutse, ya haɗa tukunya cikin tukunya don adana kayan lambu har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Lita ɗaya da ta ƙafe daga tanki mai lita 100 tana ɗauke zafin da ya kai kusan digiri 6. A busasshiyar iskar bazara dabarar tana ci sosai, a damina kuwa ƙarfinta yana raguwa saboda iska ta riga ta jiƙe.

To amma ruwa ne kawai ke tashi, gishiri yana nan. Wanda ya taɓa ganin yadda Dam ɗin Bakolori, wanda aka kammala a 1978 a kan Kogin Sakkwato, ke ja da baya da rani, ya san noman rani yana shan nasa, rana da iska ma suna shan nasu. Tanki ƙarami ne, don haka abin ya fi saurin nunawa. Ruwan teku yana da kusan giram 35 na gishiri a kowace lita. Idan lita 5 ta ƙafe daga 100, gishirin ya koma kusan giram 36.8. Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne su cike gurbin da ruwan gishiri, suna ganin abin da ya ragu suke mayarwa. Bayan 'yan makonni gishiri ya yi yawa, kifi ya daina cin abinci, a ɗora wa mai sayarwa laifi. Ruwan daɗi zalla ake cikawa da shi, wanda aka tace sosai, kaɗan-kaɗan kullum. Sai lokacin da aka kwashe ruwa da hannu don canji ne ake mayar da mai gishiri. Mai tarwada da ke zuba gishiri don magani, shi ma wannan ƙa'idar ta hau kansa.

A manna salatif a jikin gilashi daidai bakin ruwa, shi ne ma'aunin ƙafewa mafi sauƙi. Don auna gishiri kuwa rifiraktomita ake nema, ta nuna wajen 1.025. Ƙaramin ma'aunin TDS mai kama da biro da ake gwada ruwan sha da shi yawanci yana tsayawa ne ƙasa da 10,000, alhali ruwan teku yana wajen 35,000. Amfaninsa shi ne gwada ruwan cikon, musamman na burtsatse.

Idan ruwa ya yi ƙasa, na'urori ne ke biya. Famfo ya fara jan iska yana ƙara, ya yi zafi ya ƙone. Hitar da aka sa don daren hunturu, in kanta ya fito waje tana kunne, gilashinta na iya fashewa. Feshin gishiri kuma yana bushewa a kan soket ya ci ƙarfe, don haka a ɗaga soket sama da tanki, ko a bar wayar wuta ta lanƙwaso ƙasa kafin ta hau, yadda ɗigon ruwa zai faɗi ƙasa.

Idan an ɗauke wuta

Fitila za ta iya jira, iska ba za ta jira ba. Ƙaramin injin hura iska mai USB da fawa bank sun isa su riƙe tanki tsawon dare, amma a gwada tun da rana, domin wasu fawa bank suna kashe kansu idan abin da aka jona ba ya jan wuta sosai. A sa bawul mai hanya ɗaya a tiyon iska, ko a ɗora injin sama da bakin ruwa, in ba haka ba ruwa zai biyo tiyo ya shiga injin da zarar ya tsaya.

Mai sha'awar haɗe-haɗe zai iya sa tankin ya riƙa yi masa magana ta waya. Ana buƙatar allon ESP32, da ma'aunin DS18B20 mai rufin hana ruwa, wanda kuskurensa bai wuce rabin digiri ba, da rizisto mai 4.7k tsakanin wayar bayanai da ta wuta. 'Yan layukan kod a Arduino sun isa su aika saƙo ta Telegram idan zafi ya haura 28. ESP32 ba ya ganin Wi-Fi sai na 2.4GHz, don haka a duba saitin MiFi ko tsohuwar wayar da za ta ba shi intanet. A ruwan gishiri a lulluɓe kan ƙarfen ma'aunin da roba saboda tsatsa. Sannan a tsara shi ya riƙa aiko da saƙo duk awa ɗaya ko lafiya lau ne, domin ranar da wuta ta ɗauke ko data ta ƙare, na'urar ba za ta iya kai ƙara ba. Idan awa ta wuce saƙo bai shigo ba, sai a kira wani a gida ya leƙa tankin.