Darasin Kula da Gida: Sa Sabuwar Ƙofa a Tsohon Firam da Ya Karkace

 

Abin da ya jawo darasin yau shi ne kukan da wata 'yar uwa ta kawo mana bayan an tashi daga karatu. Ta ce shekara biyu ke nan ƙofar ɗakinta ba ta rufuwa, in dare ya yi sai ta tokare ta da turmi. Da ta ɗauki adashe sai ta ce to, bana kam ta huta. Ta ba maigida kuɗin, aka sayo sabon ƙyaure, aka kira kafinta. Ya auna sau ɗaya, ya sa zarto ya yanke, ya kafa. Da aka zo rufewa sai sama ta cije, ƙasa kuwa ga rata har hannun yaro yana shiga. Kuɗi sun tafi, turmi ya koma bakin aikinsa.

Kada wata ta ce wannan ai zancen maza ne. Ke ce a gida lokacin da ake aikin, ke ce kuma za ki zauna da ƙofar. A aya ta 58 ta Suratun Nur an umarce mu da mu koya wa yara neman izini kafin su shigo mana a lokuta uku: kafin sallar asuba, da tsakar rana sa'ad da ake sauke tufafi don hutawa, da bayan sallar isha'i. To yaya za ki koya wa yaro ƙwanƙwasa ƙofar da iska ma buɗe ta take yi? Ga sauro, ga ɓera, ga ƙurar hunturu.

Kafin mu shiga, mu rarrabe sunaye. Ƙyaure shi ne abin da ake turawa a buɗe ko a rufe. Firam shi ne katakon da ya kewaye bakin ƙofa, wanda aka kafa a jikin gini. Hinji kuwa shi ne ƙarfen da ya haɗa su, wanda ƙyaure yake juyawa a kansa. Darasin duka a kan ƙa'ida ɗaya yake: sabon ƙyaure a miƙe yake zuwa, tsohon firam kuwa ya daɗe da barin miƙewa, don haka ƙyauren ake rage wa ya bi firam. Tela ba ya yanka yadi sai ya auna mai rigar ta kafaɗa da ƙirji da ƙugu. Haka ƙofa take.

Me ke sa firam ya karkace?

Na farko, damshi. Katako yana shan damshin iska ya kumbura, in iska ta bushe ya tsuke, kuma a faɗinsa yake wannan motsi, tsawonsa ba ya wani canzawa. A Kano damshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a ƙarshen hunturu, a watan Agusta kuma ya haura kashi 70. Katakon da ya yi shekaru yana kumbura yana tsukewa, musamman in da ɗanyensa aka kafa shi, dole ya murɗe.

Na biyu, ruwan wanke-wanke da na goge ɗaki da ke kwanciya a gindin firam har ya ruɓe. Na uku, gara, wadda ke cinye cikin katako ta bar fenti a waje kamar ba komai. Na huɗu, ginin kansa yakan zauna ta gefe ɗaya, ya ja firam ya tafi da shi.

Gwaji biyar da za ki yi da kanki

Ba kya bukatar komai sai tef ɗin awo, da zare, da fensir, da wani ɗan ƙarfe mai nauyi kamar makulli. Ki sa babban ɗanki ya riƙe miki.

1. Faɗi. Ki auna cikin firam a wuri uku: sama, tsakiya da ƙasa. Ki rubuta duka ukun.

2. Tsawo. Ki auna daga daɓe zuwa saman firam ta hagu, sannan ta dama.

3. Kusurwa. Ki auna daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, sannan daga ta sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu. In awon biyu ya zo ɗaya, kusurwoyin daidai suke. In ɗaya ya fi, firam ya kishingiɗa.

4. Tsayuwa. Ki ɗaura makulli a bakin zare, ki riƙe zaren a saman firam, ki bari ya daina lilo. In ratar da ke tsakanin zare da katako ɗaya ce daga sama har ƙasa, ƙafar firam a tsaye take. Ki fi kula da ɓangaren da hinji yake, don shi ke ɗaukar nauyi.

5. Murɗewa. Ki ja zare biyu a fuskar firam daga kusurwa zuwa kusurwa, su gitta juna a tsakiya. In suka ɗan taɓa juna kawai, lafiya lau. In akwai rata tsakaninsu, ko ɗaya ya danne ɗaya sosai, to ƙafa ɗaya ta firam ta yi gaba, ɗaya ta yi baya.

Bayan haka ki ɗauki ƙusa ki soka gindin firam ta kowane gefe. In ta nutse ba wuya, ko ƙasa ta zubo daga ciki, gara ko ruɓewa ta riga ki.

A gyara ko a cire?

In katakon da ƙarfinsa, bambancin awon kuma bai wuce santimita 1 ba, kafinta mai haƙuri zai sa ƙyaure ya zauna daram. In firam yana girgiza ne kawai, a fara ɗaure shi da bango kafin a yi komai. Amma in gindinsa ya ruɓe, ko gara ta cinye shi, sa masa sabon ƙyaure asarar kuɗi ne. A cire shi, a sa maganin gara, a kafa sabo. In kuwa kin ga bango ya tsage a saman ƙofa, tsagar kuma tana ƙaruwa, magini za a fara kira, don matsalar ta ginin ce. Firam na ƙarfe da ya lanƙwashe aikin mai walda ne. Wadda ke gidan haya kuma, maigida ya fara magana da mai gidan, a san wanda zai biya.

Sayen ƙyaure

A sayi wanda ya kai awo mafi girma daga cikin waɗanda kika rubuta. Misali, in sama ta ba ki santimita 81, tsakiya 80.5, ƙasa 80, to mai santimita 81 za a saya a rage shi ta ƙasa. Ragewa ana yi, ƙari ne babu.

Ƙyaure iri biyu ne a kasuwa. Akwai na katako zalla, mai nauyi, wanda ke jure ragi. Akwai kuma mai fuska sumul wanda cikinsa fanko ne, siririn katako ne kawai ya kewaye bakinsa. Irin wannan ba a rage masa fiye da milimita 5 zuwa 10 a kowane gefe, in aka wuce sai a faɗa cikin ramin, ƙyauren ya lalace. Haka kuma gefe ɗaya ne aka sa masa guntun katako a ciki don kuba, a tambayi mai sayarwa wane gefe ne. In firam ɗinki ya karkace sosai, na katako zalla ya fi miki. A katako ma akwai bambanci: loko da maɗaci suna da ƙarfi, loko kuma gara ba ta cika damunsa ba, farin katako mara nauyi kuwa abincinta ne. Araha ba ta ado.

Kafin a biya, a kanne ido ɗaya a dubi bakin ƙyauren daga sama zuwa ƙasa, a tabbata shi ma bai murɗe ba. In an kawo shi gida, a kwantar da shi a kan daɓe mai lebur a cikin ɗaki, da guntayen katako a ƙarƙashinsa, na kwana uku zuwa mako guda, ya saba da iskar ɗakin. Kada a jingine shi da bango, kada a bar shi a rana.

Ranar aiki

A shirya yadda maigida ko wani babban ɗa zai kasance a gida, a kuma yi cinikin aikin tun kafin a fara. Ki ba su takardar awonki. Ga abin da ya kamata a gani kafinta yana yi, bi da bi:

1. Ya cire tsohon ƙyaure. In shi ma ba ya rufuwa daidai, kada ya kwaikwayi awonsa.

2. Ya tsayar da sabon a bakin firam, a kan 'yan guntayen katako da za su ɗaga shi daga ƙasa. Wani ya riƙe, shi kuma ya zagaya ta ɗaya gefen ya bi firam da fensir yana zanawa a jikin ƙyauren. Wannan zanen shi ne ainihin siffar ƙofarki.

3. Ya fara daidaita gefen hinji, sannan sama, sannan gefen kuba. Ya riƙa kankarewa kaɗan kaɗan yana gwadawa. In ragin da yawa, ya raba shi tsakanin gefe biyu.

4. Ya bar rata ta milimita 2 zuwa 3 a sama da gefe biyu, wato kamar kaurin tsinken ashana ko fiye kaɗan. A ƙasa kuwa kamar kaurin fensir, a ƙara in akwai darduma ko kafet. A nan ki lura da lokaci: in a hunturu ake aikin, katako a tsuke yake, a bar milimita 3 cif, in ba haka ba da damina ta sauka zai cije. In a damina ne, milimita 2 ta isa, don zai ƙara tsukewa.

5. Ya ɗan zaftare bakin gefen kuba ta ɓangaren da ke fara shiga firam, don kada ya gogi katako wajen rufewa.

6. Hinjin sama yakan zauna kamar inci 6 daga sama, na ƙasa kamar inci 9 daga ƙasa. Ƙyaure mai nauyi a ƙara masa na uku a tsakiya. In tsofaffin guraben da ke jikin firam suna da kyau, a bi su. In ramukan sukuru sun buɗe, a cusa musu tsinken ashana da gam, a bari ya bushe.

7. Ya fara ɗaura sukuru ɗaya a kowane hinji, a gwada buɗewa da rufewa, sai an gamsu a sa sauran. Kuma murɗa sukuru ake yi. Duk wanda aka buga da guduma kamar ƙusa, ba zai daɗe ba zai saki.

8. Kuba ce ta ƙarshe. A shafa ɗan janbaki a harshenta, a tura ƙofar, inda ya yi tambari a jikin firam nan za a huda.

In an kafa ta ƙi zama

In tana gogawa ba a san ta ina ba, a shafa alli a bakin ƙyauren a rufe, inda allin ya kama firam nan ne za a rage. In an tura ta tana dawowa kafin ta rufu, gurbin hinji ya yi zurfi, a sa ɗan kwali a bayan hinjin. In saman gefen kuba ne ke cijewa, a fara duba hinjin sama, sau da yawa shi ne ya saki. In tana buɗe kanta ko rufe kanta, hinjin sama da na ƙasa ba su kan layi ɗaya a tsaye, a ɗan gusa ɗaya. In kuwa sama ta jingina da firam ƙasa ta ƙi, wannan ita ce murɗewar da zare biyu suka nuna miki. Maganinta a ɓamɓare siririn katakon da ƙyaure ke jingina da shi, a rufe ƙofar, a sake buga shi yana bin jikin ƙyauren. In a jikin firam aka sassaƙa wurin jinginar, sai a rage inda ya yi tudu, a lika siririn katako inda ya yi rata.

Da an gama, a yi wa ƙyauren fenti ko'ina, har bakinsa na sama da na ƙasa da ido ba ya gani, don ta nan damshi ke shiga. In za a goge tsohon fentin firam, ki fitar da yara, mai juna biyu ma ta nisanci wurin, saboda wasu fenti suna ɗauke da dalma, ƙurarta kuma tana cutar da ƙwaƙwalwar yaro. Bayan aiki a goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara. Kada kuma a cika wa kafinta kuɗinsa sai an buɗe an rufe sau da yawa, an kulle an buɗe, a gabansa. In aikin ya yi, a biya shi nan take ba ja-in-ja, haƙƙinsa ne.

Aikin gida

Kowace ta zaɓi ƙofa ɗaya a gidanta ta yi mata gwaji biyar ɗin nan, ta rubuta abin da ta samu, ta adana takardar. Daga yau kuma a daina barin ruwa yana kwana a gindin firam, a hana yara lilo a jikin ƙyaure. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya sa albarka a gidajenmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.