Yawon tsibirai cikin jirgin haya

Yara, ku duba taswirar Afirka. Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Daga Tasawa, sai mutum ya yi tafiyar kusan kilomita 1000 wajen kudu kafin ya ga ruwan gishiri. Yanzu ku kai yatsa gabashin Afirka, ku shiga cikin tekun Indiya. Can nesa, kimanin kilomita 1500 daga gaɓa, za ku ga waɗansu ƴan ɗige-ɗige. Ƙasar Seshel ke nan.

1. Ƙasar tsibirai

Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina. Kun san tudun da kan saura a tsakiyar tabki bayan ruwan Agusta? To, ƙaramin tsibiri ke nan. Seshel tana da tsibirai 115. Mafi girma shi ne Mahe, inda babban birni Biktoriya yake. Ƙasar ta sami mulkin kai daga hannun Ingila a shekarar 1976. Mutanenta ba su da yawa: mutanen gundumar Tasawa kaɗai sun ninka su fiye da sau huɗu.

Ba su da manyan gonakin gero kamar namu. Da kamun kifi da saukar baƙi suke rayuwa. Tun da aka buɗe babban filin jirgin sama a Mahe a 1972, baƙi ke zuwa hutu daga Turai da sauran ƙasashe.

2. Hayar jirgi

Waɗansu baƙin otel suke sauka. Waɗansu kuwa, masu hannu da shuni, sukan ɗauki hayar jirgin ruwa na mako guda, kamar yadda ƴan biki kan ɗauki hayar mota. Jirgin shi ne motarsu, shi ne kuma gidansu. A ciki akwai ɗakunan kwana, da wurin dafa abinci, da makewayi. Wanda aka fi so shi ne katamaran, wato jirgi mai gangar jiki biyu haɗe, don ba ya tangaɗi da yawa.

Jirgin yana da inji, amma iska ce ta fi tura shi. Akwai doguwar sanda a tsaye, an ɗaura mata babban ƙyalle. Idan iska ta cika ƙyallen, sai jirgi ya tafi. Don haka dole matuƙi ya san iska, kamar yadda manomi ya san hadari. Daga Mayu zuwa Oktoba iska mai ƙarfi takan taso daga kudu maso gabas. Daga Disamba zuwa Maris kuwa daga arewa maso yamma take zuwa, tare da ruwan sama.

Hayar mako guda takan ci miliyoyin kuɗin sefa. Da kuɗin nan ne matuƙi, da kuku, da makaniki ke samun albashi. Masunta da masu sayar da kayan lambu su ma suna samun ciniki.

3. Daga tsibiri zuwa tsibiri

Yawanci daga Mahe ake tashi. Daga nan zuwa tsibirin Paralen kusan kilomita 45 ne, wato kamar daga Tasawa zuwa Mayahi in an miƙe ta daji. Jirgi mai ƙyalle yakan yi awa huɗu ko biyar.

A Paralen akwai wani kurmi mai suna Vallée de Mai. Bishiyar da ta sa ya yi suna ƴar'uwar goriba da giginya ce. Kamarsu, akwai namiji, akwai mace. Amma ƙwallonta shi ne mafi girma a duniya: yakan kai kilo 18, kuma sai ya yi shekara shida ko bakwai kafin ya nuna. A tsibirai biyu kawai bishiyar ke fitowa da kanta. A 1983 hukumar UNESCO ta sa kurmin cikin wuraren da duniya duka za ta kiyaye.

Kusa da Paralen akwai tsibirin Kuriyez, inda manyan kunkuraye ke yawo. Babba yakan fi kilo 200, yakan kuma wuce shekara ɗari. Sai tsibirin Ladig. A da, amalanken shanu ke ɗaukar mutane a can. Yanzu kekuna sun fi yawa.

Wani abin mamaki: mai tafiya a teku ruwa ya kewaye shi, amma ba ya iya sha, don gishiri. Ruwan daɗi a tanki ake ɗauko shi, ana auna shi kamar yadda ake yi a ƙauyen da rijiyarsa ke da zurfi.

4. Mene ne baƙi ke biya?

Ba don jirgi kaɗai baƙi ke ba da kuɗi ba. Ruwa garai-garai suke so su gani, da kifaye masu launi iri-iri, da kunkuru, da kurmi. In waɗannan suka ɓace, jirage za su tsaya, aiki kuma ya ƙare.

A ƙarƙashin ruwa akwai duwatsun murjani. Waɗansu ƙananan halittu ne ke gina su sannu-sannu, shekara da shekaru. Nan ne gidan kifi. A 1998 ruwan teku ya yi zafi fiye da kima, kusan kashi 90 cikin 100 na murjanin da ke kewaye da manyan tsibiran ya mutu. A 2016 zafin ya sake dawowa. Jirage ma suna iya yin ɓarna: in matuƙi ya jefa ƙugiyar tsayawa a kan murjani, sai ta farfasa ginin shekaru masu yawa cikin minti ɗaya.

Shi ya sa gwamnati ta kafa dokoki. Akwai wuraren da aka hana kamun kifi. Mai shiga wurin da aka keɓe sai ya biya. Ba a fita da ƙwallon nan babba sai da takardar izini. A 2020 ƙasar ta keɓe kashi 30 cikin 100 na tekunta don kiyayewa.

Akwai wani haɗari kuma. A 2019 baƙi fiye da dubu 380 suka zo. A 2020, da cutar korona ta hana tafiye-tafiye, ko dubu 120 ba su cika ba. Mai dogara ga baƙo kamar mai gona ɗaya ne: in damina ta ƙi, rumbu ya zauna wofi.

5. Mu fa?

Mu ma muna da dukiyar da ke rayuwa. Gulbin Kaba, wanda ya bi ta Mayahi, daga kabar goriba ya sami sunansa. Da ita ake saƙa tabarma, ake tufka igiya. Amma in ana yanke kaba kullum ba hutu, ba za ta girma ta zama goriba ba. Bayan farin 1984, manoma da yawa a jihar Maraɗi sun koma barin tohon gawo da kalgo da sabara a gonakinsu, itatuwa suka dawo. Mutumin Seshel da mutumin Mayahi aikinsu ɗaya: su ci amfanin ƙasa, su bar wa na baya iri.

Ma'anar kalmomi

Gaɓa: bakin teku ko bakin kogi.
Tangaɗi: karkata dama da hagu.
Keɓe: ware abu gefe ɗaya.

Tambayoyi

1. Mene ne tsibiri?
2. Me ya sa dole matuƙi ya san iska?
3. Wace bishiyar garinmu ce ƴar'uwar bishiyar Paralen?
4. Ku faɗi abu biyu da ke lalata murjani.
5. Me ya sami Seshel a 2020?

Lissafi

Tankin jirgi yana ɗaukar lita 560. Mutum 8 za su yi kwana 7 a ciki. Lita nawa kowa zai samu a rana?

Aiki

Ku rubuta kalmomin nan da faransanci: tsibiri, teku, iska, kunkuru. Sa'an nan ku tambayi wani dattijo yadda goriba take a gulbi lokacin yana yaro, ku kawo amsarsa aji.